Keke a Fadamar Haɗejiya: Hanyoyin da Mota Ba Ta Damu da Su Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ga mutanen cikin garin Haɗejiya, da na Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma. Manoman rani da suka rataye rediyo a reshen bagaruwa suna ban ruwa, sannunku da aiki. Masunta da 'yan fito, Allah Ya ba da sa'a.

Yau a kan keke za mu yi magana. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, kekunan da suka shekara jingine a zaure sun sha kakkaɓa. Malamin makaranta ya ajiye babur, ma'aikacin asibiti ya sa an gyara masa tsohon Raleigh na mahaifinsa. Sai dai da yawanmu da kunya muke hawa, muna sunkuyar da kai idan mun zo wuce majalisa, don kada a ce wane ya karye. Dattawa kuwa sun san lokacin da ba haka abin yake ba. A zamanin En'e har lasin ake yanka wa keke, kuma wanda ya sayar da gyaɗa ya sayi sabo fil, da ƙararrawa da madubi da fitila, ranar nan gari ya san an yi kaka.

Ni abin da ya fi damuna da hawan keke a yau ba kunya ba ce, kwalta ce. Duk wanda ya taɓa bin titin Haɗejiya zuwa Kano a kan keke, babbar mota ta zo ta wuce shi iskarta ta kusa jefa shi kwalbati, ya san abin da nake nufi. Titi na mai inji ne, mai keke baƙo ne a kansa. To amma ƙasarmu tana da wasu hanyoyin, masu tsawon gaske, waɗanda mota ba ta damu da su ba. Su nake so mu zagaya yau.

Bari mu fara leƙa waje tukuna. A Turai akwai mutanen da hutunsu na shekara a kan keke suke yin sa. Su ɗaure 'yar jaka a kariya, su bi bakin kogi kwana da kwanaki, inda dare ya yi musu su kwana. Wadda ta fi suna ita ce hanyar bakin kogin Danube, daga garin Passau na Jamus zuwa Vienna babban birnin Ostiriya, tafiyar sama da kilomita 300. Mafi yawanta tsohuwar turba ce da dawakai ke bi a da suna jan jiragen ruwa da igiya. Da jirgi mai inji ya zo, dawakai suka huta, turbar ta zama ta masu keke. A Ingila kuma, tsakanin Bristol da Bath, layin dogo ne ya mutu, sai 'yan sa-kai suka fara gyara shi a 1979, suka kammala a 1986, ya zama hanyar keke da masu tafiya a ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 21. Yau ɗalibai da ma'aikata suna cin moriyarta, safe da yamma.

Ku lura da abu ɗaya. A duka wuraren nan biyu ba a sari sabon daji ba. Abin da ke nan aka duba, aka gyara, aka hana mota shiga. Turbar bakin kogi, da gefen layin dogo. Wanne ne babu a ƙasar Haɗejiya?

(Gajeren kiɗa)

Wanda zai yi tafiya a keke dole ya san yadda ƙasa ta kwanta, domin cinyarsa ce injinsa. Ƙasarmu kashi biyu ce a cuɗe, tudu da fadama. Tuddan nan na rairayi iska ce ta tara su shekaru dubbai da suka wuce, a wani zamani da fari ya yi tsanani har hamada ta gangaro nan. Shi ya sa suke a jere, dogaye, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kamar kunyoyin gona idan an yi huɗa, fadama tana kwance a tsakaninsu. Wannan ba labarin littafi ba ne kawai, yana da amfani ga mai keke. Idan ka bi tsawon kwari, a gindin tudu inda yashi ya haɗu da laka ya daddaɓe, za ka yi ta murza feda ba wahala. Idan kuwa ka ce sai ka yanke kai tsaye ka ƙetare tuddan ɗaya bayan ɗaya, to shirya sauka kana turawa, taya na nutsewa, gumi na zuba.

Shi kuwa kogin Haɗejiya, daga ƙasar Kano yake zuwa. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama shi, ya ratso Wudil da Ringim ya iso mana. Da ya wuce Haɗejiya ya yi gabas sai ƙasa ta baje masa, ya rasa gaɓar da za ta riƙe shi, ya rarrabu. Wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa. Can wajen Gashuwa abin da ya rage ya haɗu da ruwan kogin Jama'are, su zama kogin Yobe, su nufi tafkin Chadi. Wannan rarrabuwa ita ta haifi dausayin Haɗejiya da Nguru da duniya ta sani, ita ce kuma ta sa manyan motoci ba sa kutsawa cikinsa. Inda ƙasa ke nutsewa a ruwa wata uku ko huɗu a shekara, direba ba ya sha'awar wurin.

Saboda haka hanyoyin da muke magana a kansu suna da lokacin buɗewa da na rufewa, kuma ruwa ne mai makulli. Daga Yuli zuwa Oktoba a bar wa kwalekwale fili. Kada ma ganin sama ta ɗauke ya ruɗe ka, domin ruwan kogi daga nesa yake tafe, sau da yawa sai damina ta kusa ƙarewa yake cika ya tumbatsa. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya ba su manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. A Nuwamba ruwa na janyewa, amma laka ba ta gama bushewa ba, kuma lakar fadama idan ta kama taya sai ta cushe tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi. Disamba, Janairu da Fabrairu su ne watannin mai keke: ƙasa ta bushe, gari da sanyi, gonakin rani sun yi kore shar. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka wanda zai fita ya fita bayan asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi ya riga ya sami inuwa.

Ga wata dabara ta hunturu. Iskar daga arewa maso gabas take kaɗowa, kuma ba ta cika ƙarfi ba sai rana ta ɗaga. In za ka yi gabas, ka fita da sassafe tun tana kwance. Lokacin da za ka juyo gida ta tashi, tana bayanka, ita za ta riƙa tura ka. Wanda ya yi akasin haka, ya tafi yamma da safe cikin jin daɗi, zai dawo yana kokawa da iska da ƙura ga gajiya.

Hanya mafi sauƙi ga sabon shiga tana wajen Auyo, cikin aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, wanda hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are ke kula da shi. An gyara shi da tallafin Bankin Duniya, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo ya ƙaddamar da shi a farkon 2023, fili ne na sama da hekta 5,000. Amfaninsa ga mai keke shi ne magudanar ruwa ba ta hawa tudu, saboda haka hanyar da ke gefenta ma a miƙe take, ba hawa ba gangara. Kana tafe ruwa na gudu a hannunka ɗaya, a ɗayan alkama ce, ko shinkafa, ko albasa da tattasai. Ba zan ce babu abin hawa ko ɗaya ba. Za ka gamu da babur ɗauke da buhun taki, da amalanken shanu, lokacin girbi kuma motocin ɗaukar kaya kan shigo. Amma ba mai gudun da zai firgita ka, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya bin mahaifinsa a nan hankali kwance. Garin Auyo kansa yana cikin tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa, ya cancanci a tsaya a gaida dattawa a sha labari.

Tafiyar da ta fi daɗi, ta kuma fi neman shiri, ita ce ta gabas, wajen Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma. Dausayin Baturiya yana cikin wuraren da aka sa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Tafkin Nguru da Marma sun riga shi shiga, tun 2000. A ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince da ƙirƙiro sababbin gandun daji na ƙasa guda 10, dausayin Haɗejiya na cikinsu. Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce wuri ne mai masu gadi da doka. A nemi izini kafin a shiga, ba a farauta, ba a sare itace, ba a kunna wuta.

Abin da ke kai mutane can shi ne tsuntsaye. An ƙidaya sama da nau'i 300 a dausayin Haɗejiya da Nguru. Wasu 'yan gida ne, irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. Wasu kuwa baƙi ne, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki da ke gudo wa sanyin Turai, su ƙetare teku da Sahara su sauka a nan wajen Oktoba, su koma wajen Maris. Wato lokacin da hanya ta bushe wa mai keke, lokacin ne baƙin suke nan. A nan ne kuma keke ya fi babur nesa ba kusa ba. Mai babur tun yana nesa ƙararsa ta tashi garken, abin da zai gani bayansu ne kawai a sama. Mai keke kuwa yana iya gangarowa a hankali ta cikin goriba, ya jingine keken a gindin gawo, ya tsuguna, tsuntsayen na ta kiwonsu ba su san da shi ba.

A wannan tafiya akwai inda turba za ta kawo ka bakin ruwa ta tsaya cak. Nan sai ɗan fito. Ka sauka ka yi sallama.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu ɗan samari. Ƙetarewa za a yi?"

Zai karɓi keken ya kwantar da shi a tsakiyar kwalekwale, feda ɗaya a sama don kada ta huda katako, ya ce ka zauna a ƙasa ka riƙe kan keken, kada ka miƙe tsaye ko da jirgin ya yi tangaɗi. Ya kafa gora ya tura. Yi amfani da wannan ɗan lokaci ka tambaye shi hanya, domin babu taswirar waya da ta san abin da ya sani: wace turba ce ta bushe a makon nan, wacce ce har yanzu da taɓo, a wane ƙauye ake samun mai faci. Matambayi ba ya ɓata. Ka biya shi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba. Kuma duk ƙanƙantar ruwa, in da fito, kada ka ce za ka tattare wando ka ratsa da ƙafa. Ruwan da ke kwance cikin ciyawa gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ne, ta fata ƙwayar cutar ke shiga.

Daga cikin jirgin za ka ga kachalla, tsayinta ya fi mutum, ta cushe ko'ina. Dattawan masunta za su gaya maka da ba haka take ba. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin kan cika da damina ya ƙafe da rani, ciyawar ta bushe ta mutu. Yanzu ana sako ruwa kusan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, kachalla ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi ya malale gonaki da turbobin da a da busassu ne, ta kuma zama maɓoyar jan-baki da ke cinye shinkafa. Turbar da kakanka ya bi da jaki zuwa kasuwa, yau wataƙila tana ƙarƙashin kachalla. Mai wucewa a mota ta kan gada ba zai taɓa gane girman wannan masifa ba, gani ya kori ji.

Ta arewa kuwa, wajen Malam Madori da Birniwa, labarin daban ne. Tudu ne, ƙasar gero da riɗi da zoɓo, da kukoki tsaye a gonaki. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930, ya bi ta nan, shi ya raya Malam Madori a zamanin gyaɗa. Akwai turbobin ƙafa da ke bin gefensa, amma yashi ya yi yawa. Wannan ta masu ƙwarin cinya ce.

(Gajeren kiɗa)

To wane irin keke? Kada wani ya ruɗe ka da cewa sai mai giya ashirin. Tsohon keken nan baƙi, Raleigh ko Phoenix ko Hero, mai faɗin taya da kariyar ƙarfe, wanda ake ɗora wa buhun masara, shi ne ya dace da ƙasar nan, kuma kowane ƙauye akwai wanda ya iya gyaransa. Siririyar tayar tsere ba ta da amfani a yashi. In za ka shiga rairayi ka ɗan rage iska, taya ta baje, za ta fi tafiya.

Babban abokin gabarka ƙaya ce: tsidau da ke shimfiɗe a ƙasa, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, musamman inda makiyaya suka sassaro reshe don dabbobi. Saboda haka famfo da sholisho da ɗan guntun tsohon tub kada su bar jakarka, kuma ka zauna wurin mai faci rana ɗaya ka kalli hannunsa. Zai zare tub ya ba shi iska, ya bi da shi cikin kwanon ruwa har inda kumfa ke tsattsafowa. Ya tsane wurin, ya kankare shi, ya shafa sholisho a tub da kuma a facin, sa'an nan ya ajiye su ya ci gaba da hira. Wannan jiran shi ne sirrin aikin, sai sholisho ya sha iska ya daina danshi ake mannawa. Mai gaggawa da ya manna shi da ɗanye, ba zai yi nisa ba facin zai ɗago. Kafin ya mayar da tub kuma, za ka ga ya zura yatsu yana shafa cikin taya a hankali har ya taɓo ƙayar ya cire ta. In ba a yi haka ba, ƙayar da ta fasa na farko ita za ta fasa na biyu.

Ruwan sha ka ɗauko daga gida, fiye da yadda kake zaton za ka buƙata. Ka duba birki, ka ɗiga wa sarƙa mai, ka sa hula ko rawani. Kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka faɗa a gida inda ka nufa. Likitoci na cewa babba yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, don kariya daga hawan jini da ciwon suga. Fita biyu zuwa bakin kogi sun biya wannan. Mai ciwon zuciya dai ya fara jin ta bakin likitansa.

Sai ladabin hanya, wanda ya fi duk abin da na lissafa. Turbobin nan da masu su. Idan ka shiga ƙauyen da ba a san ka ba, ka sauka daga keke, ka yi sallama, in za ka daɗe ko za ka kwana ka nemi mai unguwa ko dagaci ka gabatar da kanka. Kada ka hau kan kunya ko ka yanke ta cikin shuka don rage hanya. Kada ka ɗauki hoton matan mutane a bakin rijiya. Burtali kuwa hanyar shanu ce, ba taka ba. In ka hango garke ka sauka ka koma gefe, ka bar ƙararrawa, domin saniyar da ta firgita ta faɗa gonar wani, ka jawo rigimar da ba ka san ƙarshenta ba. Mun san yadda akan sami saɓani tsakanin manoma da makiyaya a wajen Guri da Kirikasamma lokacin kaka. Ka tambaya kafin ka tashi, in an ce hanya ba lafiya, ka haƙura.

Yanzu bari in juya ga masu iko. Kowace shekara ana zuba ƙasa ana ɗaga jinga don tare ambaliya, wani wuri gwamnati, wani wuri matasan gari da buhunan yashi da aikin gayya. Jingar nan ita kaɗai ce busasshiyar ƙasa idan ruwa ya zo. Me zai hana idan an gina ta a daidaita samanta, a zuba tsakuwa ko jar ƙasa a daddaɓe, a kafa turaku a bakinta yadda keke da amalanke za su wuce amma babbar mota ba za ta hau ta farfasa ta ba? Kuɗin bai kai na kwalta ba, kuma ba don baƙi masu yawon buɗe ido za a yi ba. Ɗalibin da ke zuwa makarantar sakandare daga ƙauye, da mai kai kifi kasuwar Haɗejiya, da mai kai mara lafiya asibiti, su ne za su fara amfana. Jingar da ake bi kullum ma ta fi daɗewa, domin inda ta fara tsagewa ko gara ta ci, da wuri za a gani a kai rahoto. In baƙo ya zo daga baya ya sayi fura da gasasshen kifi ya biya ɗan fito, wannan riba ce a kan uwar kuɗi.

Shugabannin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, da hukumar kogi, da hakimai da dagatai, wannan kira gare ku yake: kafin damina mai zuwa a zaɓi jinga ɗaya a gwada. Ku kuma matasa, ranar 3 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa keke tun 2018, amma mu nan lokacin zafi ne da jiran ruwa, kada ku jira ta. Ku haɗu ku biyar ko shida a lokacin hunturu, ku sami dattijo ɗaya da ya san fadama ya yi muku jagora, ku rubuta sunayen ƙauyukan da kuka bi, da mafitai, da inda ake samun ruwan sha da mai faci, ku aiko mana mu karanta wa sauran masu sauraro.

A nan za mu dakata.  

(Kiɗan rufe shiri)